Tun bam ɗin Taminus tsoro ya ƙi barina: ko zaman natsuwar mabiya Buda zai yi min magani?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jos, atamfa da shadda nake sayarwa. Ina kusa da kasuwar Taminus ranar da bam ya tashi a 2014. Allah Ya kiyaye, ko ƙwarzane ban yi ba, amma tun daga ranar ban koma daidai ba. Tayar mota ta fashe, ko yara su fasa nokawut lokacin Kirsimeti, sai ƙafafuna su kama rawa. Akwai unguwannin da na daina shiga ko da rana tsaka. Abin da ya fi damuna, zuciyata ta bushe. In na ji masifa ta faɗa wa waɗanda ba namu ba, ba na jin komai. Ɗana da ke jami'a ya sa min wata manhaja a waya, wai tana koyar da zaman natsuwa irin na mabiya Buda, mai rage tsoro ya sa tausayi. Gaskiya ne? Ni Musulmi ne, ba na so in je neman magani in kwaso abin da ya fi ciwon."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ƙara kiyayewa. Sau biyu na karanta wasiƙarka, a na biyun ne na lura ba rawar ƙafa ce ta kawo ka ba. Wannan ka daɗe kana lallaɓa ta. Abin da ya hana ka sukuni shi ne ka leƙa zuciyarka ka tarar ba ka gane ta ba. Kana so ka san ko wannan zama yana aiki, kana kuma so ka san ko zai taɓa maka imani. Aikina ilimin halayyar ɗan Adam ne, kuma yawancin waɗanda nake zama da su a nan Jos mutane ne da rikici ya bar wa tabo, tun daga na Satumbar 2001 zuwa na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010. Abin da zama da su ya koya min shi ne tsoron nan da bushewar zuciyar nan ciwo ɗaya ne, ba a iya magance guda a bar guda.

Abin da jikinka ya haddace a ranar

Ka tuna yadda abin ya faru ranar 20 ga Mayun 2014. Bama-bamai biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko ya tashi, jama'a suka ruga domin ceto, sai na biyu ya tashi bayan ɗan lokaci ya rutsa da wasu daga cikin masu ceton. Fiye da mutum 100 suka rasu, Musulmi da Kirista. Duk wanda ke wurin, jikinsa ya ɗauki darasi biyu a yini guda: ƙara tana nufin mutuwa, kuma wanda ya ji tausayi ya matsa kusa shi ne ke biyo baya. Na biyun nan ba a cika kula da shi ba, alhali shi ne ke ƙulle zuciya.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake kira amigidala, aikinsa gadi ne. Da ya hango abin da ya yi kama da haɗari sai ya buga ƙararrawa tun kafin hankali ya tantance, sinadarin adirenalin ya kwarara a jini, zuciya ta hau bugu, jini ya tafi ga cinyoyi domin gudu. Rawar ƙafar da kake ji shirin gudu ne da ba a yi ba. Ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwanci ba. Bahaushe ya riga likitoci faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Matsalar ita ce duk gudun da ka yi wa tsumma, maigadin yana rubuta cewa gudun ne ya tsirar da kai, gobe kuma sai ya ƙara ƙarfin ƙararrawar. Haka unguwa ɗaya da ka daina shiga take zama uku, uku su zama rabin gari. Mutumin da kullum yake cikin gadi kuwa ba shi da sauran wurin da zai ajiye ciwon wani. Duniya takan rabu masa gida biyu, namu da nasu.

Me Buda ya ce game da tsoro

Siddhatta Gotama, wanda ake kira Buda, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yau, ya yi wa'azinsa a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce. A tsofaffin nassoshinsu na harshen Pali akwai inda yake ba da labarin yadda ya yi da tsoro tun kafin ya zama jagora. Ya ce yakan zaɓi darare na musamman a wata, ya tafi wuraren bauta na cikin kurmi da mutane ke shakkar kusanta, ya kwana. Da dare ya raba, dabba ta gifta, ko ɗawisu ya karya reshe, ko iska ta kaɗa busasshen ganye, sai ya ce a ransa ga abin tsoron nan ya iso. Daga baya ya tambayi kansa don me yake zaune yana dakon tsoro. Sai ya yanke cewa a duk halin da tsoro ya same shi, a nan zai tsaya. In yana tafiya ne, ba zai tsaya cak ba, ba zai zauna ba, ba zai kwanta ba, zai ci gaba da tafiyarsa har tsoron ya lafa. In a zaune ne, zaman zai ci gaba da yi.

Ranar da na fara cin karo da wannan labari dariya na yi, domin shi ne abin da aka koya mana a aji da dogon Turanci. Hanyar da ta fi inganci wajen magance tsoro a asibiti a yau ita ce a kusanto da mutum ga abin da yake gudu kaɗan-kaɗan, ya tsaya har jikinsa ya gane da kansa cewa tsumma ne. Lura da cewa bai ce tsoron bai zo ba. Ya zo, sai dai bai samu wanda zai kora ba.

Akwai wani misali nasu da nake yawan ara. Suka ce mutumin da ciwo ya same shi kamar wanda aka harba da kibiya ne, sai kuma aka ƙara harbinsa da kibiya ta biyu, wato damuwar da yake ɗora wa kansa a kan ciwon. Kibiyar farko a wurinka ita ce faɗuwar gaba in taya ta fashe. Ta biyu ita ce abin da kake faɗa wa kanka bayan haka: namiji da ni, magidanci, yara sun gan ni ina rawa, ko zaucewa zan yi, ko imanina ne ya yi rauni. Tsoro na daji, kunya na gida, in ji mutanenmu, kai kuwa biyun sun haɗu maka a shago ɗaya. Kibiyar farko takan ɗauki lokaci kafin ta fita. Ta biyu ana iya fara zare ta a makon nan.

Yadda ake zaman

Wasu na fassara abin da "zuzzurfan tunani", fassarar kuwa tana ɓatar da mutane, don ba ƙarin tunani ake nema ba. Kalmar mabiya Buda a harshen Pali ita ce "sati", wato lura da abin da ke faruwa a jiki da zuciya yanzu-yanzu, ba tare da ka bi shi ko ka kore shi ba.

Ga yadda nake koya wa masu irin lalurarka. Ka zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, ka zauna a tabarma ko kujera, minti biyar sun isa a farko. Kada ka rufe ido, ka sauke shi ƙasa kamar taku biyu a gabanka. Ka fara da jin nauyin jikinka inda ya taɓa ƙasa, sanyin siminti a tafin ƙafa, musamman da sanyin Jos na asuba wanda ba sai an neme shi ba. Sai ka koma ga numfashi, shigarsa da fitarsa, ba tare da ka gyara shi ba. Hankali zai tafi kasuwa, ya tafi kan bashin da kake bi, ka dawo da shi ba faɗa. Dawowar nan ita ce aikin, ko sau hamsin ne.

In tsoro ya taso, ka kira shi da sunansa a zuci: tsoro ne. Sai ka tambayi jikinka ina yake zaune. A ƙirji ne, ko a ciki, ko maƙogwaro ne ya shaƙe? Zafi ne ko nauyi? Yana tsaye wuri ɗaya ko yana motsi? Abin da kusan kowa ke ganowa shi ne abin da yake kira tsoro ba dutse ba ne, tarin ƙananan abubuwa ne masu hawa da sauka, kuma in ba a ƙara masa itace da tunani ba yakan kai ƙololuwa ya fara saukowa da kansa. In ya fi ƙarfinka, ka bar numfashin, ka ɗaga ido ka ƙirga abubuwa biyar da kake gani a ɗakin, ka taka ƙasa da ƙarfi, ko ka tashi ka sha ruwa. Wannan ba faɗuwa ba ce. Ga wanda ya taɓa shaƙar hayaƙi yana gudu, sa ido a kan numfashi kansa yakan tayar da abin da ya kwanta, shi ya sa nake fara su da tafin ƙafa. Manhajar waya ba ta san tarihinka ba, kowa rufe ido take ce masa.

Tausayin kuma

A nan ne na fi son ka tsaya. A al'adar mabiya Buda, darasin fatan alheri, wanda suke kira metta, asalinsa maganin tsoro ne. Masu sharhinsu sun kawo cewa wasu almajiran Buda sun shiga wani daji domin zaman damina, sai halittun da ke zaune a bishiyoyin suka riƙa firgita su da siffofi da ƙararraki har suka gudo. Maimakon ya sauya musu wuri, sai ya koya musu yi wa dukkan halittu fatan alheri, ya ce su koma dajin nan dai. Ko ka ɗauki labarin a tatsuniya, hikimar da ke ciki a fili take: zuciya ba ta iya yi wa mutum fatan alheri tana kuma kallonsa a matsayin dodo a lokaci guda. Ɗaya sai ya rage wa ɗaya wuri.

Sun kuma tsara abin hawa-hawa. Wani malaminsu mai suna Buddhaghosa, wanda ya yi rubutu a Siri Lanka a ƙarni na 5, ya yi gargaɗin kada a fara da maƙiyi, don gajiya da fushi kawai za a samu. A fara da kai, sai wanda kake girmamawa kamar malaminka, sai aboki, sai wanda ba ruwanka da shi, can ƙarshe sai wanda kake ƙi. Kalmomin gajeru ne: ya zauna lafiya, ya kuɓuta daga wahala, ya samu kwanciyar hankali. In mutumin yana cikin wahala ne kake fatan ta yaye masa, wannan shi suke kira karuna, wato tausayi.

Matakin da na ga ya fi aiki a garin nan shi ne na wanda ba ruwanka da shi. Ba na ce wa kowa ya yafe wa wanda ya ƙona masa shago, ba hurumina ba ne. Cewa nake ka tuno matar nan da kake sayen kabeji da karas a wurinta a Farin Gada, wadda ka san ba addininku ɗaya ba, ba ka ma san sunanta ba. Ka tuno fuskarta. Ita ma da asuba ta fito cikin sanyin nan, ita ma in ta ji ƙara gabanta faɗuwa yake, ita ma akwai unguwar da ta daina shiga, wataƙila taku ce. Ka yi mata fatan ta koma gida lafiya ta tarar da 'ya'yanta lafiya. Kwanakin farko ba za ka ji komai ba, kamar kana karanta lissafin kaya. Kada ka matsa wa kanka sai ka ji. Niyya ake horarwa, ji yakan biyo daga baya.

Wani abin mamaki, matakin farko, na yi wa kai fatan alheri, shi ya fi yi wa mazanmu wuya. Na ga dattijon da ya iya yi wa kowa addu'a, da aka zo kansa sai ya yi shiru, daga baya ya ce shi da ya gudu ya bar maƙwabcinsa bai cancanta ba. Idan kai ma akwai irin wannan a ranka game da ranar Taminus, to a nan ƙullin yake.

Masu sharhin nasu sun ce tausayi yana da maƙiyi na nesa, wato mugunta, da maƙiyi na kusa mai kama da shi, wato baƙin cikin da ke nutsar da mutum. Binciken da masana ƙwaƙwalwa Tania Singer da Olga Klimecki suka yi ya zo daidai da wannan: horar da mutane su riƙa jin ciwon wasu kawai ya ƙara musu ƙunci, amma da aka horar da su a kan tausayi mai fatan sauƙi, sai ƙuncin ya ragu, kuma sassan ƙwaƙwalwar da suka motsa daban ne. Ma'ana, buɗe zuciya ba ya nufin ka ɗauki gawar kowa a kanka. Tsoron hakan ne ya sa ta rufe tun farko.

Batun addini

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, fatawa ba tawa ba ce. Abin da zan iya shi ne in rarrabe maka kayan, don in ka je wurin malaminka ka kai masa tambaya a fayyace. Addinin Buda ba ya koyar da Mahalicci. Yana koyar da sake haihuwa bayan mutuwa, da cewa babu rai tabbatacce a cikin mutum. Mabiyansa suna neman mafaka ga Buda da koyarwarsa da jama'ar sufayensa, suna rusuna wa gumakansa, suna rera nassoshi. Wannan aƙida ce da ibada, kuma Musulmi ya san matsayinsa a kai. In manhajar ta ce ka maimaita kalmomin da ba ka san ma'anarsu ba, ko ka sawwala wani abin bauta, ka kashe ta.

Lura da numfashi da sauraren jiki kuwa tuni aka cire su daga wannan riga. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri, wanda yanzu ake yi cikin mako 8, a asibitin Jami'ar Massachusetts a Amurka, yana koya wa marasa lafiya dabarar ba tare da aƙidar ba, kuma manhajojin yau da dama irin wannan hanyar suke bi. Duk da haka akwai malaman da ba su sake da ita ba saboda tushenta, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne.

Abin da nake yi da Musulmin da ke zuwa wurina shi ne mu mayar da fatan alherin addu'a. Bambancin ba ƙarami ba ne: mabiyin Buda daga zuciyarsa yake watsa fatan, kai kuwa Allah kake roƙo. Allah Ka ba ta lafiya, Allah Ka yaye masa. Tsarin hawa-hawan kawai muka ara. Muraƙaba da muhasaba da tafakkuri ba baƙi ba ne a gidanmu, Imamu Gazali ya yi dogon bayani a kansu, kuma ka san hadisin da ya ce wanda ya yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika na cewa amin, kai ma ka samu irinsa. Kiristocin da nake gani su kuma suna da umarnin yi wa masu tsananta musu addu'a. Wani kan ce min to in haka ne me ya kai mu Indiya? Amsata ita ce ba dole. Abin da na samu a wurinsu shi ne sun rubuta matakan dalla-dalla kamar littafin koyon ɗinki, har da inda ɗalibi ke yawan kuskure.

Kada kuma a ɗauka dabarar tana mayar da al'umma waliyyai. A Myanmar, ƙasar da ake rera darasin metta safe da yamma, Musulmin Rohingya sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh daga Agustan 2017, kuma akwai sufayen Buda da suka hura wutar ƙiyayyar. Mu a Jos mun fi kowa sanin cewa nassi mai kyau a baki ba ya hana hannu ɗaukar adda.

Inda zaman ya tsaya

Hujjar da ake da ita mai kyau ce amma tana da iyaka. A 2022 an wallafa wani gwaji a Amurka da mutum 276 masu ciwon fargaba, aka ga shirin mako 8 ɗin nan ya yi daidai da escitalopram, wani maganin fargaba da likitoci ke bayarwa, wajen rage alamomi. Sai dai su ajin sa'a biyu da rabi suke shiga duk mako tare da malami, ana kuma buƙatar su yi minti 45 kullum a gida, kuma ba gwajin waɗanda suka tsira daga bam ba ne. A ɗaya ɓangaren, binciken Willoughby Britton da abokan aikinta a Jami'ar Brown ta Amurka ya tattara bayanan mutanen da zaman natsuwa ya tayar musu da firgici da tsofaffin raunuka. Don haka kada ka tsawaita zama kai kaɗai da sunan jarunta.

Daga wasiƙa ba zan iya ce maka ga sunan ciwonka ba, amma abin da ka zayyana, bayan shekaru haka, ya isa a zauna da kai ido da ido. In kana mafarkin ranar, ko tana dawo maka a farke kamar yanzu take faruwa, ko barci ya ƙaurace maka, ko ka fara jin rayuwa ba ta da amfani, to asibiti ne farko, zaman natsuwa ya biyo baya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma akwai hanyoyin magani ta tattaunawa da aka tsara musamman don irin wannan tabo. A duba maka hawan jini da zuciya a tafiya guda. Ka guji ƙwayar barci ta kemis ba da takardar likita ba. Zuwa asibiti bai hana ruƙiyya da addu'a ba. Kuma ba kowane tsoro ne ciwo ba: ranar da gari ya ɗauki zafi, kauce wa wasu hanyoyi hankali ne. Wanda muke yaƙa shi ne tsoron da ke hana ka wucewa ranar Talata da rana tsaka alhali kowa na harkarsa.

Akwai wani direba da na yi aiki da shi, wanda ya yi shekaru yana zagaye mai nisa don kada ya bi ta wani titi guda. Mun fara da tafin ƙafa, sai addu'a ga mai facin da ke bakin titin, wanda ya sani da fuska kawai. Sai da muka yi wajen wata uku kafin ya bi titin, ɗan'uwansa na zaune a gefe. Ya ce min gabansa ya faɗi kamar kullum, hannunsa ya jiƙe a kan sitiyari, amma bai taka mai ya tsere ba. Mai facin na nan, ya ƙara furfura. Har yau in taya ta fashe direban nan yakan zabura. Ya ce dai yanzu in ya zabura yakan waiga ya ga ko wani ya ji ciwo.